Daga Wuyan Kwanso Zuwa Bakin Bindigar Toka: Awo, Gwaji da Rayukan Maharbanmu

Akwai wata muhawara da masu gasar harbi a Amurka da Ingila da Ostareliya suka daɗe suna tafkawa, wadda in aka kawo ta majalisar maharba a Talata Mafara ko Bakura za a ce ɓata lokaci ne. Muhawarar a kan wuyan kwanson harsashi take, da irin damƙar da ya kamata ya yi wa ƙwayar da ke bakinsa. Masu gasar nan ba sa tsayawa ga harsashin kanti. Sukan tara kwansunan da suka harba, su wanke, su gyara, su sake ɗura su da hannunsu, kuma dokar ƙasashensu ta yarda musu bisa sharuɗɗa. Duk cacar bakin a kan tazarar da ba ta wuce milimita 0.05 ba ce, abin da ido ba ya gani sai da ma'auni. Na ga ya dace mu san wannan batu, ko da yake sana'ar ba tamu ba ce, domin yana haska wata matsala da ke cinye yatsu da idanun mutanenmu ba tare da kowa ya ɗaga murya ba.

Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, akwai ɗan maɓallin da ke gindinsa wanda ke tayar da wuta in an buge shi, akwai garin albarushi a ciki, sai ƙwayar da ke fita. Kwanson yawanci na tagulla ne, haɗin jan ƙarfe kashi 70 da zinki kashi 30. Can sama yakan tsuke ya yi kafaɗa, sannan ya yi wuya. Ba manne ƙwayar ake yi ba. Ana matse wuyan ne ya ɗan fi ƙwayar ƙanƙanta, da kashi ɗaya zuwa uku cikin dubu na inci, sai a tura ta ciki. Tagullar ta buɗe dole, tana kuma neman komawa yadda take, wannan neman komawar shi ne riƙon.

Riƙon yana da aiki kafin harbi, yana da aiki lokacin harbi. Kafin harbi, shi ke hana ƙwaya motsi in harsashi ya sha jijjiga ko ya bugi ƙarfe yayin shiga ɗakin bindiga. Ƙwayar da ta nutse cikin kwanso ta rage wa albarushi fili, ƙarfin da zai taso kuma ya ƙaru, wani lokaci fiye da abin da aka gina bindigar ta ɗauka. A lokacin harbi kuwa, riƙon ne ke tsayar da ƙwaya na ɗan ƙiftawa har wuta ta kama garin yadda ya kamata. Ƙarfin da ake magana a kai ba na wasa ba ne. Hukumar SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta sa iyakar harsashin .308 Winchester a kan fam 62,000 a kowane inci murabba'i. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce talatin da 'yan kai ba a wannan ma'auni. Idan wuyan wannan kwanso ya saki ƙwaya da wuri, na biye da shi ya riƙe ta da tauri, gudun ƙwayoyin biyu zai bambanta. A taku hamsin ba wanda zai lura. A yadi dubu, irin nisan da ake gasa a filin Bisley na Ingila, ɗaya za ta sauka sama, ɗaya ƙasa, gasa ta kuɓuce. Don haka abin da suke nema shi ne kowane harsashi ya yi riƙo daidai da ɗan'uwansa. Tsananin riƙon ba shi ne a gabansu ba.

To me ke hana su daidaita? Babban dalili halin tagulla ne, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da maƙeran tagulla na Bida ya san shi. Tagulla tana taurarewa da aiki. In ana dukanta ana lanƙwasa ta, sai ta riƙa ƙin guduma, in aka matsa mata ta tsage. Shi ya sa maƙeri kan mayar da ita wuta jefi-jefi ta yi laushi kafin ya ci gaba da ƙira. Wuyan kwanso ma duka yake sha: ya buɗe lokacin harbi, a matse shi lokacin gyara, ya sake buɗewa in an tura sabuwar ƙwaya. Kwanson da aka harba sau ɗaya da wanda aka harba sau shida ba za su yi riƙo iri ɗaya ba, ko da kayan aiki ɗaya aka matse su. Maganin da masu wannan sana'a suka samo shi ne na maƙerin Bida, wato laushi da wuta, amma wuya da kafaɗa kaɗai. Gindin kwanso dole ya zauna da taurinsa, domin shi ke tare ƙarfin nan kada ya dawo fuskar mai harbi. Kwanson da zafi ya kai gindinsa ya zama abin zubarwa. Wanda ya taɓa ganin kwanson soja na tagulla zai tuna wani shuɗi-shuɗi da ke kewaye da kafaɗarsa; tabon wutar masana'anta ne, ana barinsa ba a goge ba don ya zama shaidar an yi aikin.

Yadda aka gano muhimmancin wannan laushi labari ne da ya kamata duk mai ajiye dabba a gida ya ji. Sojojin Birtaniya a Indiya sun riƙa tarar da kwansunansu a tsattsage, musamman a wuya, bayan damina. Sun ɗauka yanayi ne kawai, har suka laƙaba wa cutar sunan tsagewar lokaci. Sai a 1921 wasu masu bincike uku, Moore da Beckinsale da Mallinson, suka bayyana dalilin. Da damina akan ajiye harsasai a bargar dawaki. Zarnin fitsarin doki yana ɗauke da sinadarin amoniya, shi kuma in ya haɗu da danshi da tagullar da ke a takure, sai ya ci ta ya tsaga. Wuya ne ya fi takura domin shi ke riƙe da ƙwaya dare da rana. Daga nan laushin wuya ya zama ƙa'ida a masana'antu.

Sauran dabarun duk hanya ɗaya suke bi. Ba a gauraya kwansunan kamfanoni daban-daban, domin kaurin bangon wuyansu ba ɗaya ba ne, kuma ana ware su bisa yawan harbin da suka sha. Wasu kan kankare wuyan daga waje har kaurinsa ya daidaita ta kowane ɓangare. Wasu sun fi yarda da matse wuyan daga waje da zobe mai girman da aka zaɓa, wasu kuma su ce a bi bayansa da sandar awo ta ciki, don duk wani rashin daidaito ya koma waje, cikin da ke taɓa ƙwaya ya zama sumul. Har baƙin hayaƙin da ke saura cikin wuya ana gardama a kansa, domin santsi ko kaushin cikin yana canza riƙo ko da awo bai canza ba. Bindigogin da ke ɗura kansu da masu tsananin naushi kuwa, akan ƙara musu da danne leɓen kwanso a jikin ƙwaya. Wani abin lura shi ne matsewa tana da iyaka: in aka tsuke wuya fiye da kima, tagullar miƙewa kawai take yi ta zauna, riƙon ba ya ƙaruwa daidai da tsukewar. Su kansu ba su haɗu a kan wace dabara ta fi ba, kuma akwai masu ganin an zuzuta lamarin. Inda ba su da saɓani shi ne hanyar yanke hukunci. Ana aunawa, a rubuta, a harba ta gaban na'urar auna gudu, a canza abu ɗaya tak, a sake gwadawa. Wannan tarbiyya ta awo ita ce abin da nake so mu ɗauka, ita kaɗai.

Na ce ita kaɗai, domin a Najeriya ɗurin harsashi a gida laifi ne babba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera ko haɗa ko gyara bindiga da harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko da izini na musamman, kuma hukuncin ƙira ba izini ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Ƙera harsashi aikin masana'antar DICON ne da aka kafa a Kaduna a 1964. A Zamfara, jihar da harsashi ya mayar da garuruwa kufai, ba ni da ko ɗigon sha'awar a sassauta wannan. Sai dai dokar nan ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai na farauta irin na zamani, da ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai waɗanda ake ɗurawa ta baki, bindigar toka da danginta, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Har ta buɗe ƙofar a ba maƙeri izinin ƙera wannan kashi na uku da gyaransa. Ke nan doka ta san da harba-ka-ruga. Abin da ba a tanada ba shi ne wanda zai duba lafiyarta.

Ba haka kawai muka tsinci kanmu da wannan bindiga ba. Ta shigo Afirka ta Yamma ta bakin teku, hannun 'yan kasuwar Turai, kuma ta daɗe ba ta yawaita a ƙasar Hausa ba. Lokacin da wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Gobirawa a Konya a 1826, bindigogin da ya ƙirga kimanin arba'in ne cikin dubban mayaƙa. Doki da mashi da baka su ne yaƙi. Da Turawa suka koma harsashi mai kwanso, musamman bayan Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a 1884, sai suka rufe ƙofa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar mata masu ƙyastu da baƙin albarushin kasuwa. Sakamakon ya bayyana a nan ƙasar Zamfara. A ƙarshen Fabrairun 1903, kusa da Kwatarkwashi, sojojin Ingila da ba su kai hamsin ba ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright suka tsaya wa dakarun Kano, Wazirin Kano Ahmadu ya kwanta dama a wurin. Jarumta ba ta yi ƙaranci a ɓangaren Kanawa ba. Ɗaya ɓangaren ne ke da harsasan da kowanne ya fito masana'anta daidai da na bayansa. Bindigogin da aka bar mana kuwa, tun a wancan zamani an san da yawansu na araha ne, masu fashewa a hannu.

Dubi maharbi yana ɗuri. Ya kafa gindin bindiga a ƙasa, bakinta na kallon sama. Ya zazzago albarushi daga 'yar gora ko tsohuwar robar magani zuwa tafin hannu, ya dube shi, ya juye. Ya yagi tsumma ya cusa, ya bi da sandar ƙarfe yana dannawa. Sai abin harbi: dalma in akwai, in babu ƙwallayen boris ko guntayen ƙarfe. Ya sake tsumma, ya sake dannawa, yana sauraron ƙarar sandar, yana duba yatsu nawa ta yi saura a waje. Tsohon maharbi gwani ne a wannan, hannunsa ya san abin da yake yi, kuma ban raina iliminsa ba. Amma tafin hannu ba ɗaya ba ne, albarushin wannan kasuwa ba ƙarfinsa ɗaya da na waccan ba, tsumman yau ba kaurin na jiya ba. Bututun kansa sau da yawa bututun ruwa ne ko wani ƙarfen mota, ba wanda aka ƙera don ɗaukar wuta ba, wani ma da ɗinkin walda a tsawonsa. Duk abin da wuyan kwanso ke yi a harsashin zamani, a nan tsumma da sanda da ƙarfin dantse ke yin sa, ba ma'auni.

Hanyoyin da wannan ɗuri ke juyewa kan mai shi sanannu ne. In abin harbi bai zauna daram a kan albarushi ba, aka bar fili a tsakani, bututu na iya kumbura ko ya tsage. In bakin bindiga ya toshe da laka, haka. Sai ɗuri kan ɗuri, wanda tsoro ke haifarwa. Bayan yaƙin Gettysburg na Amurka a 1863 an tsince bindigogi masu ɗurin baki sama da 27,000 a fili. Kusan 24,000 a ɗure suke, kuma kimanin rabin waɗannan ɗuri biyu ne a ciki, wasu dubbai ma fiye. Sojoji ne da aka horar, amma cikin ruɗani mutum bai san tasa ba ta tashi ba, sai ya ƙara. Yanzu a kwatanta da manomin da aka tashe shi tsakar dare ana harbi a bakin gari.

Mafi muni, kuma wanda ya fi damuna a yau, shi ne garin harsashin zamani. Harsasai sun yawaita a dazuzzukanmu, ana tsintarsu bayan hari. Mutum zai iya raya wa kansa cewa in ya fasa ɗaya ya juye garin a bindigarsa ta toka za ta ƙara ƙarfi. Wallahi kabarinsa yake haƙa. Garin nan ba baƙin albarushi ba ne, yanayin cin wutarsa daban, an auna shi ne don ƙarfen da aka gina ya ɗauki dubban fam ɗin da na ambata. Bututun maƙeri ba zai ɗauka ba, tarwatsewa zai yi a gaban fuska. In hakan ta faru sai ka ji an ce, "Bindiga ta fashe da shi, ƙaddara ce." Mun yi imani da ƙaddara, amma addinin da ya koya mana ita shi ya hana mu jefa kanmu ga halaka.

Da a ce farautar zomo da gada da zabin daji kaɗai ake da wannan bindiga, ko bugun hawan salla, da maganar ba ta kai haka zafi ba. Yau ita ce a hannun masu gadin gari. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a tuna musu daren 26 ga Fabrairun 2021 da aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe, ko harin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agustan shekarar, ko ɗaliban Ƙaya ta Maradun su 73 a farkon Satumba. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga, 'yan sanda suka ce an dakatar da bayar da lasisi, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A ƙarshen Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara sama da 2,600. Ana ta jayayya kan wa zai riƙe bindiga. A ƙauyukan da askarawa da soja ba su kai ba kuwa, mutane na nan riƙe da abin da maƙeri ya ƙera musu, kuma cikinsu akwai samarin da ba su gaji harbi ba, ba su taɓa zama gaban Sarkin Baka ba.

Ingila ta taɓa fama da bututun da ke fashewa. Abin da ta yi shi ne gidan gwaji: a Landan tun ƙarni na 17, a Birmingham kuma da dokar majalisa a 1813. Kowane bututu sai an harba shi da ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi, a killataccen ɗaki, ba kowa kusa. In ya tsira a buga masa hatimi, in babu hatimi sayar da shi laifi ne. A 1914 aka kafa hukumar CIP a Liège ta Beljiyam don ƙasashe su amince da hatimin juna. Mu muna da doka mai ba da lasisin bindigar toka, ba mu da ɗaki ko ɗaya a yankin nan da maharbi zai kai tasa a duba.

Na san abin da za a ce: gyara aikin maƙera ai taimakon ɓarayin daji ne. Tsoron yana da tushe, domin bindigogin ƙirar gida suna cikin makaman da ake kamawa, kuma 'yan sa-kai ma sun zubar da jinin da bai kamata ba. Amma ƙarfin 'yan ta'adda na kan AK-47 da harsasan masana'anta da ake fasa-ƙwaurinsu, ba kan harba-ka-ruga ba. Kuma maƙerin da ke ɓoye ba wanda ya san wa yake yi wa aiki. Wanda aka yi wa rajista, aka sa wa kowace bindigarsa lamba, aka rubuta sunan mai ita a gaban hakimi da 'yan sanda, shi ake iya tambaya gobe. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja, ta nemi ƙasashe su ƙididdige masu ƙira na gida su kuma sa wa makamai alama. Cibiyar kula da ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro aikinta ke nan. Gwaji da rajista tafiyarsu ɗaya.

Akwai kuma dalma. Zamfara ta san ta fiye da kowa: a 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa cikin gidaje. Wancan daga ma'adinai ne, amma gubar ɗaya ce da ta maharbin da ke narka dalmar tsohon batir a murhun tsakar gida, yara na wasa a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa.

Kirana ga masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun shi ne su tara sarakunan baka da sarakunan maƙera, su zauna da rundunar 'yan sandan jiha a fitar da rajista da hanyar duba bututu, a nemi sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Mafara ya taimaka da awo. Kafin a kai ga haka, kai mai riƙe da bindigar toka: nemi lasisinta, kada ka ƙara ɗuri sai ka tabbata ba kome a ciki, ka ajiye wadda ta kumbura ko ta yi tsatsa, ka fitar da narkar dalma daga gida. Harsashin da ka tsinta a daji kuwa, kada ka fasa shi. Miƙa shi ga jami'an tsaro.